Tara, Agwagwa

A Sitok, garin da yumɓu ya gina,
inda tsoffin murhun tangaran ke tsaye kamar kwalabe,
na kama aiki a gidan tsofaffi,
da Turancina a aljihu, gogagge, mai hatimi.

Ranar farko Gilenis Harof ta ɗago kai daga kujera,
ta ce, "Matso nan, agwagwa."
Na dubi ƙafata, na tuna tafiyata.
Ni da na ci jarrabawa uku,
yau na zama tsuntsun tafki a bakin tsohuwa.
Sai da mai girki ta ja ni gefe:
a garin nan agwagwa sunan ƙauna ne,
direban bas ma haka yake kiran ɗan sanda.

Ta ce shayi ƙarfe biyar.
Na kawo ruwan zafi da madara,
ashe abincin dare take nufi, dankali da wake.
Ta yi dariya har haƙoran roba suka zame.

Jikanta Dekilan yakan zo ran Lahadi.
Ya ga sabon takalmina, ya ce marar lafiya ne.
Ya ɗanɗana yajin da na kawo, ya ce mugu ne.
Na kwana ina juya maganar kamar waina,
ashe yabo ne ya ari rigar zagi.
Da na ba shi labarin agwagwa ya ce, "Na mutu!"
Ga shi kuwa tsaye, yana share hawaye da bayan hannu.
Ƙamus ɗina bai taɓa zuwa unguwarsu ba.

Ni ma na rama, ba da niyya ba.
Na ce mata kakana ya ƙetare teku a jirgin ruwa,
harshena ya ja wasali ya yi tsawo,
sai ta ji ya ƙetare a kan tunkiya.
Mako guda tana tambayar lafiyar tunkiyar.

Wata Asabar ta aike ni fulawa.
Na tsaya a kanti tsakanin gari da fure,
kunne ya rasa gwani, na sayo duka biyu.
Na ce mata a harshena ma suna ɗaya suke amsawa.
Ta ce, "To, mun yi tarayya a ruɗu ɗaya,"
ta sa furen a butar shayin da ta zana da hannunta
shekara hamsin da suka wuce.

Amma wadda ta fi ɗaure mini kai, ta yamma ce.
In na ɗauki jaka sai ta ce, "Tara."
Na dubi agogo, ƙarfe shida.
Na ƙirga mutanen ɗaki, mu huɗu.
Ashe sallama ce, sai gobe, sauka lafiya.
Na ce mata a wurinmu ita ke bin takwas.
Tun daga ranar, in ta ce tara
sai in ce goma, in ja ƙofa.

Daren ƙarshe hannuna cike da zannuwan gado,
ƙararrawa na kira a ɗaki na sha biyu.
Na ji ta a bayana, murya kamar zare.
Ban amsa ba. Na ce gobe ma rana ce.

Da safe Dekilan na tsaye a baranda.
Babu marar lafiya, babu mugu,
kalmar da yake wasa da ita ta yi masa nauyi a baki.
Ya ce, "Ta tafi."
Wannan ban nemi fassara ba.

Na je maƙabarta cikin yayyafi
da fulawar da ba a ci.
Da mutane suka watse na durƙusa,
na biya bashin da take bi na:
goma, agwagwa.
Goma.